Yadda Ake Sa Zane Ya Yi Magana

Yaranmu da yawa suna kallon katun a talabijin ko a wayar hannu. Wani lokaci sukan tambaye mu, "Baba, wane ne a cikin hoton nan da yake magana?" Babu kowa a ciki, babu kuma wani tsafi. Aikin hannu ne da haƙuri, kuma kowane matashi da ke da fensir da takarda zai iya koyon farkonsa.

Me ya sa zane yake motsi?

Zanen kansa ba ya motsi. Abin da ake yi shi ne a zana hotuna da yawa, kowanne da ɗan bambanci kaɗan da na bayansa. Idan aka nuna su da sauri, ido yakan ɗauke su kamar abu ɗaya ne mai motsi. A fim ɗin silima, hotuna 24 ne suke wucewa a cikin sakan ɗaya. Masu katun sukan nuna kowane zane sau biyu, wato zane 12 a sakan ɗaya. Ke nan minti ɗaya yana cin zane 720.

Wannan dabara ta daɗe. A shekarar 1908 wani Bafaranshe mai suna Emile Cohl ya yi zane wajen 700 domin fim ɗin da bai kai minti biyu ba. A 1928 kamfanin Walt Disney na Amurka ya fitar da fim ɗin ɓeran nan Mickey Mouse, inda sauti ya tafi daidai da motsi. A nan kusa da mu, Mustafa Alasan na Nijar ya yi fim ɗin katun a 1966, kwaɗi ne 'yan wasansa. Ya rasu a 2015, ana kuma tunawa da shi cikin waɗanda suka fara wannan aiki a Afirka.

Abubuwan da ake bukata

Fensir, farar takarda marar kauri, almakashi, ɗan kwali, da madubi. Idan akwai waya mai kyamara, to madalla.

Gwaji na farko

1. Ka ninke takarda biyu kamar littafi.
2. A shafin ƙasa, ka zana da'ira ta zama kai. Ka sa ɗigo biyu na idanu, da hanci, da baki a buɗe.
3. Ka rufe da shafin sama. Za ka hangi zanen ta cikin takardar. Ka bi sawunsa daidai, sai dai wannan karo ka zana bakin a rufe.
4. Ka naɗe shafin sama a jikin fensir har ya lanƙwashe.
5. Ka riƙa tura fensirin gaba da baya da sauri. Za ka ga bakin yana buɗewa yana rufewa.

Kada ka cika wa zanen ado. Duk layin da ka ƙara, sai ka maimaita shi a kowane shafi.

Daidaita baki da magana

Ka tsaya gaban madubi ka ce "Mama" a hankali. Leɓuna za su haɗu, su buɗe, su sake haɗuwa, su sake buɗewa. Siffar baki huɗu sun isa mai koyo:

• A rufe, domin "m" da "b", da lokacin shiru.
• A buɗe sosai, domin "a".
• A shimfiɗe kamar murmushi, domin "i" da "e".
• A zagaye, domin "o" da "u".

Kalmar "ruwa" tana bukatar baki biyu kawai: zagayayye, sannan buɗaɗɗe.

Hanyar rage wahala

Ba lallai ne ka sake zana kai sau ɗari ba. Ka zana shi sau ɗaya a kan kwali ba tare da baki ba. Ka zana bakunan nan huɗu dabam, ka yanke su da almakashi. Ka fara ɗaukar muryar mai magana, ka saurara ka rubuta jerin bakunan da kalmomin suke bukata. Sai ka kafa waya a wuri ɗaya, ka ɗora baki, ka ɗauki hoto, ka canza baki, ka sake ɗauka. Idan wayar ta gusa ko haske ya canza, zanen zai riƙa rawa. Manhajoji irin su Stop Motion Studio suna jera hotunan su haɗa da murya. Jefi-jefi ka sa idanun su ƙifta, domin fuskar da ba ta ƙiftawa tana kama da gunki.

Ku gwada tare

Aikin ya fi sauƙi a ƙungiya. Wani ya yi zane, wata ta ba da murya, wani ya riƙa ɗaukar hoto. Ku fara da gajeriyar magana ta sakan biyar, kamar "Sannu, ka wanke hannu?" Wannan hoto 60 ne, aikin yamma ɗaya. Idan na farko bai yi kyau ba, kada ku karaya. Sannu ba ta hana zuwa.

Yara sukan riƙe abin da katun ya faɗa, kuma yawancin waɗanda suke kallo ba da harshenmu suke magana ba. Wane saƙo kuke so yaran ƙauyenku su ji daga bakin zanen da ku da kanku kuka yi?