Babur ɗin Triumph Sprint da Baburan Nima

Duk wanda ya tsaya a bakin babban titin Nima, a birnin Akra na ƙasar Gana, ran Laraba da hantsi lokacin da kasuwa take ci, abin da zai fara cika masa kunne shi ne ƙarar babura. Yawancinsu ƙanana ne, ƙirar Indiya ko ta Sin, suna kurɗawa tsakanin motoci da masu talla. Manyan babura masu gudun tsiya ba su da yawa a nan. A wannan takarda za mu yi bayanin ɗaya daga cikin manyan, wato Triumph Sprint ST, ƙirar Ingila. Za mu duba tarihin kamfanin da ya ƙera shi da yadda injinsa yake aiki, sa'an nan mu kwatanta shi da babur ɗin da samarin Nima da Maamobi suke neman abinci da shi.

Tun da farko, ga wata 'yar magana a kan suna. A Kano ana cewa babur ko mashin, jam'i kuwa babura. A Nijar da Gana an fi jin moto. Sai ɗalibi ya lura, kada ya rikita moto da mota, wadda take da ƙafa huɗu.

Nima da Maamobi

Kalmar zango a Hausa tana nufin wurin da ayarin fatake yake sauka ya huta. A Gana ana rubuta ta Zongo, kuma tana nufin unguwar baƙi, galibi Musulmi, waɗanda kakanninsu suka zo daga arewacin Gana da ƙasar Hausa da Mali da Burkina Faso da sauransu. Nima ta fara cika da jama'a ne a shekarun 1930, Maamobi kuwa maƙwabciyarta ce. Ƙabilu da yawa ne suke zaune a ciki, amma Hausa ce harshen kasuwa da na masallaci. Tsofaffin Hausawa Ankara suke kiran birnin Akra. Gidajen unguwannin a matse suke, lunguna da yawa mota ba ta iya shiga. Shi ya sa babur yake da daraja a wurin.

Asalin Triumph

Abin mamaki, Bajamushe ne ya kafa wannan kamfani na Ingila. Sunansa Siegfried Bettmann, mutumin birnin Nuremberg. Ya fara sayar da kekuna a Landan a 1885, daga baya ya koma birnin Coventry ya kafa masana'anta. A 1902 kamfanin ya fitar da babur ɗinsa na farko. A gaskiya keke ne aka ɗaura wa ƙaramin inji ƙirar Beljiyam. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, sojojin Ingila da na ƙawayenta sun karɓi babura samfurin Model H wajen 30,000 daga kamfanin, masu kai saƙo suna hawa. Daga nan sunan Triumph ya fita.

A 1937 wani injiniya mai suna Edward Turner ya ƙera Speed Twin, babur mai silinda biyu a jere. Sauran kamfanonin Ingila suka bi sahunsa shekara da shekaru. A watan Nuwamba na 1940 jiragen yaƙin Jamus suka ragargaza masana'antar Coventry, sai aka gina sabuwa a ƙauyen Meriden, ta fara aiki a 1942. A can ne aka ƙera Bonneville a 1959, babur ɗin da ya fi kowanne yin suna a tarihin kamfanin. A wancan zamani Ingila ce uwar babura. Triumph da BSA da Norton sun bazu a ƙasashen da Ingila ta mulka, har da Najeriya da Gwalkwas, wadda ta zama Gana a 1957.

Faɗuwa da tashi

Hausawa na cewa in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Kamfanonin Ingila ba su sauya rawa da wuri ba. Baburansu suna yoyon mai, kuma sai an buga su da ƙafa suke tashi. Kamfanonin Japan kuwa sun fara shigowa da ƙananan babura masu araha da ƙarko. Turawan Ingila suka ɗauka Japanawa za su tsaya a nan. Sai ga Honda a 1969 ta fito da CB750, babban babur mai silinda huɗu, mai tashi da maɓalli, mai birkin faifai a gaba. Kasuwa ta juya. A 1973 aka ce za a rufe masana'antar Meriden, ma'aikata suka ƙi fita, suka zauna a ciki. A 1975 suka karɓi masana'antar a matsayin ƙungiyar gama kai, suka yi ta fama har 1983, lokacin da kuɗi suka ƙare.

A wannan shekara ta 1983 wani attajiri mai sana'ar gine-gine, John Bloor, ya sayi sunan Triumph. Bai yi gaggawa ba. Ya tura injiniyoyinsa Japan su ga yadda ake aiki, ya gina sabuwar masana'anta a garin Hinckley, sa'an nan a 1990 ya nuna sababbin babura a bikin baje koli na birnin Kolon a Jamus. Tsohon suna ne kawai ya rage, komai na cikin inji sabo ne. A 2002 gobara ta cinye babban ɓangare na masana'antar, amma cikin 'yan watanni aka koma aiki.

Wane irin babur ne Sprint?

Babura iri-iri ne. Akwai na tsere, wanda mahayi yake kwanciya a kan tanki, yana da gudu amma yana gajiyar da baya da wuyan hannu. Akwai na doguwar tafiya, mai faɗin kujera da akwatunan kaya, yana da daɗin zama amma yana da nauyi. Sprint yana tsakanin biyun. An yi shi ne domin mutumin da yake so ya yi tafiyar ɗaruruwan kilomita a yini ɗaya, da fasinja da kaya, kuma ya ji daɗin gudu a kwana.

Sprint na farko ya fito a 1993. A 1999 aka fitar da Sprint ST mai inji si-si 955, a 2005 kuma aka ƙara girman injin ya kai si-si 1050. Si-si ma'auni ne na faɗin cikin silinda, kuma si-si 1000 daidai yake da lita ɗaya. A 2010 aka fito da ƙanensa, Sprint GT, wanda ya fi shi tsawo da nauyi da wurin kaya. Yanzu kamfanin ya daina ƙera su duka biyun, sai dai a samu na hannu.

Injin Sprint ST na 2005 yana da silinda uku a jere. A cikin kowace silinda akwai fistin da yake hawa da sauka, kuma aikin yana tafiya ne a mataki huɗu. Fistin ya sauka ya shaƙi iska da fetur. Ya hau ya matse su. Fulogi ya ba da tartsatsi, wuta ta kama, ƙarfinta ya tura fistin ƙasa. Sa'an nan ya sake hawa ya kori hayaƙi ta salansa. Mataki na uku ne kaɗai yake ba da ƙarfi. Saboda haka inji mai silinda ɗaya yana yin kakkarwa, don akwai tazara tsakanin bugu da bugu. In silinda uku ce, kafin ƙarfin ɗaya ya ƙare wata ta kusa karɓa, sai tafiya ta yi laushi. Inji mai silinda biyu an san shi da ƙarfin ja tun daga ƙasa, mai huɗu kuwa da ƙarfi a sama, wajen gudu. Triumph ta zaɓi uku don ta ɗebi rabo daga kowane ɓangare.

Ƙarfin wannan inji ya ɗan haura na doki 120. Ruwa ne yake sanyaya shi ta lagireto, kamar na mota. Ba shi da kafireto, na'ura ce take auna fetur ta fesa shi. Giyarsa shida, sarƙa ce take juya tayar baya. Tankinsa yana cin wajen lita 20. Nauyinsa kilo 210 ne in ba a zuba mai da ruwa ba. Firam ɗinsa na alminiyam ne. Ana gane shi da fitilu uku a gaba da bakin salansa uku a ƙarƙashin kujera, kuma hannu ɗaya ne yake riƙe da tayar baya, ta gefe guda. Gudunsa ya wuce kilomita 200 a awa nesa ba kusa ba.

Babur ɗin neman abinci

Yanzu mu koma Nima. Ɗaya daga cikin baburan da aka fi gani a hannun masu haya a Afirka ta Yamma shi ne Boxer, na kamfanin Bajaj na Indiya. Ƙaraminsa yana da silinda ɗaya, si-si wajen 100, ƙarfin doki wajen 8, giya huɗu, kuma iska ce take sanyaya shi. Wato Sprint ya ninka shi ƙarfi kamar sau 15, alhali nauyinsa ninki biyu ne kawai.

To, me ya sa mai haya ba zai so Sprint ba, ko da an ba shi kyauta? Dalili na farko mai ne: babban inji shan mai gare shi, ribar mai haya kuwa tana cikin abin da ya rage bayan ya sayi fetur. Na biyu gyara: kowane bakanike a bakin titi ya san cikin Boxer, kayansa kuma suna da araha, amma injin da na'ura take sarrafawa yana bukatar kayan gwaji na musamman, ƙaramin abu in ya lalace sai a jira a kawo daga waje. Na uku hanya: babur mai kilo 210 ba ya son rami da kwata da lungu. Ko a babbar hanyar Akra zuwa Tema, mai tsawon kilomita 19, doka ba ta yarda a wuce kilomita 100 a awa ba.

Akwai kuma maganar rai. Idan gudu ya ninka sau biyu, tazarar da birki yake bukata kafin babur ya tsaya tana ninkawa sau huɗu. Saurayin da ya saba da doki 8, in ya hau doki 120 ba tare da koyo ba, murɗa hannu kaɗan ya isa ya kai shi inda bai nufa ba. Hular kwano wajibi ce ga mahayi da fasinja, kowane irin babur ne.

Sana'ar haya da doka

A Gana ana kiran babur ɗin haya okada. Kalmar daga Najeriya ta zo, daga sunan kamfanin jiragen sama na Okada Air, wanda shi ma ya samo sunansa daga garin Okada a Jihar Edo. A Kano kuwa acaɓa ake cewa, a Sakkwato da Nijar kabu-kabu. Hukumomi sun daɗe suna kai ruwa rana da wannan sana'a. Kano ta hana ɗaukar fasinja a babur a cikin birni a watan Janairu na 2013. A Gana dokar hanya ta 2012 ta haramta haya da babur, amma sana'ar ba ta tsaya ba, domin samari suna bukatar aiki, fasinjoji kuma suna gudun cunkoso. John Mahama ya yi alkawarin halatta ta a yaƙin neman zaɓen 2020. Bayan ya ci zaɓen 2024, gwamnatinsa ta ɗauki aikin gyara dokar a 2025.

Inda hanyoyin biyu suka haɗu

Kamfanin Triumph da kansa ya gane cewa yawancin masu hawa babur a duniya ba sa bukatar doki 120. A 2017 ya sanar da haɗin gwiwa da Bajaj, a 2023 kuma suka fitar da Speed 400 da Scrambler 400 X, masu silinda ɗaya da si-si wajen 400. Injiniyoyin Hinckley da na Indiya ne suka tsara su tare, Bajaj kuma take ƙera su a kusa da birnin Pune. Ke nan kamfanin da yake ƙera babur ɗin da yake kai 'yan kasuwa Nima ran Laraba, shi ne yake ƙera ƙananan baburan da suke ɗauke da sunan da Bettmann ya raɗa fiye da shekara 130 da suka wuce.