Katangar Da Ke Hana Kuskure Ɗaya Ya Cinye Shafin Intanet

Duk wanda ya saba biyan kuɗi ko cika takardar neman aiki ta intanet, da wuya a ce bai taɓa gamuwa da wannan abin takaici ba. Yana tsakiyar aiki, ya rubuta sunansa da na mahaifinsa, ya sa lambar asusu, saura ƙiris ya gama, sai kawai fuskar wayar ta koma fari fat, ba rubutu ba hoto, kamar an wanke allo. Akasari akan ɗora laifin a kan layin sadarwa, ko a ce wayar ce ta tsufa. Alhali kuwa sau da yawa layin lafiyarsa lau, wayar ma haka. Wani ɗan ƙaramin sashe ne na shafin ya yi tuntuɓe, ya janyo sauran duka suka faɗi tare da shi.

Kafin a gane yadda haka ke aukuwa, sai an san yadda ake gina shafi a yau. A da, shafin intanet tamkar takarda ce da aka riga aka buga, babbar kwamfuta ta aiko ta yadda take, mai karatu ya karanta. Yanzu kuwa manyan shafuna sashe-sashe ake harhaɗa su a cikin wayar mutum ko kwamfutarsa: ga sashen da ke nuna sunan mai asusu, ga na jerin kuɗin da suka shiga da waɗanda suka fita, ga na talla a gefe, ga kuma akwatin da ake rubutu a ciki. Kowane sashe yana zaune ne cikin wani wanda ya fi shi girma, kamar ɗaki a cikin sassa, sassa a cikin gida. Ɗaya daga cikin kayan aikin da suka fi shahara wajen irin wannan gini shi ne React, wanda wani injiniyan kamfanin Facebook mai suna Jordan Walke ya ƙirƙiro, kamfanin kuma ya sake shi kyauta ga kowa a shekarar 2013. Da harshen JavaScript ake rubuta shi.

To, ina kuskuren yake shigowa? A ɗauki sashen da aikinsa shi ne ya karɓi sunan mutum ya mai da harafin farko babba, sa'an nan ya nuna shi. Wata rana sai bayanin ya iso babu sunan a ciki, ko don ba a taɓa shigar da shi ba, ko don an sauya tsarin bayanan a can babbar kwamfuta an manta ba a gyara shafin ba. Sashen nan ya miƙa hannu zai ɗauki harafin farko na abin da babu shi. Na'ura ba ta san kawaici ba. Nan take sai ta tsaya ta ce an yi kuskure.

Kafin shekarar 2017, idan haka ta faru a tsakiyar zana shafi, React kan bar abin da ya lalace a fuskar na'ura, lissafinsa na ciki kuma ya rikice, daga nan sai wasu kurakuran su yi ta biyo baya waɗanda ko masu rubuta manhajar ba sa gane kansu. A watan Satumba na 2017 aka fito da React na 16, aka kuma zo da hukunci mai tsauri: duk kuskuren da ya auku wajen zana wani sashe, idan ba a tare shi ba, sai a sauke shafin baki ɗaya. Asalin farin allon nan ke nan a shafuna da dama.

Mai karatu zai ce ai wannan gyaran gangar auzinawa ne, an ɓata goma biyar ba ta gyaru ba. Amma masu aikin sun kawo hujjarsu, wadda Dan Abramov ya bayyana a rubuce a watan Yuli na wannan shekara. A ganinsu, shafin da ya lalace amma yake nuna kamar lafiyarsa ƙalau ya fi wanda ya ɓace haɗari. A manhajar hira irin Messenger, mutum na iya aika saƙo ga wanda ba shi ya nufa ba. A manhajar biyan kuɗi kuma, gara kada a nuna kome da a nuna adadin da ba shi ne ba. Wanda ya taɓa tura kuɗi asusun da ba shi ya yi niyya ba, ya sha zirga-zirgar banki kafin a dawo masa da su, ba zai yi musun wannan magana ba.

Tare da hukuncin aka kawo maganinsa, watau abin da za mu kira katangar kuskure. Ita ma sashe ce, sai dai aikinta shi ne ta kewaye wasu sassan ta zuba musu ido. Idan wani daga cikinsu ya faɗi, kuskuren zai yi ta hawa sama daga ɗaki zuwa sassa har ya ci karo da katanga mafi kusa. Nan zai tsaya. Katangar sai ta ɗauke abin da ya lalace, ta sa wani ɗan bayani a gurbinsa, misali cewa wannan ɓangare ya samu matsala, a danna nan a sake gwadawa. Sauran shafin kuma ya ci gaba da aikinsa. Umurni biyu ake amfani da su: componentDidCatch, wanda ya zo tare da na 16, shi ke rubuta rahoton abin da ya faru, da getDerivedStateFromError, wanda aka ƙara a watan Oktoba na 2018, shi ke sauya abin da mutum zai gani.

Gina katangar ba wuya, layuka kaɗan ne. Sanin inda za a kafa ta shi ne aikin. Idan guda ɗaya aka yi ta kewaye gidan duka, to ba a tsinana kome ba, illa dai an musanya farin allo da kalmar ban haƙuri. Idan kuma kowane maɓalli aka yi masa tasa, sai shafi ya cika da faci kamar tsohuwar riga, mutum ya kasa sanin abin da ke aiki da wanda ya mutu. Messenger ta raba nata ne bisa ma'ana: jerin abokan hira daban, bayanin wanda ake magana da shi daban, ita kanta hirar daban, akwatin rubutu daban. Masu ƙera jirgin ruwa sun daɗe da sanin wannan darasi. Jirgin Titanic da ya nutse a watan Afrilu na 1912 ɗakuna 16 aka raba cikinsa, an kuma ƙera shi yadda zai iya zama bisa ruwa ko da huɗu na gaba sun cika. Da dutsen ƙanƙara ya huda fiye da huɗu, sai goshin jirgin ya sunkuya, ruwa ya riƙa tsallake bangayen yana shiga na gaba, don ba su kai can sama ba.

Ita ma wannan katanga akwai inda tsawonta bai kai ba, kuma nan ne sababbin shiga ke yawan ruɗuwa. Ba ta kama kuskuren da ya faru a cikin umurnin da ke amsa danna maɓalli. Ba ta kama wanda ya auku a aikin da aka jinkirta, kamar jiran amsa daga babbar kwamfuta, sai fa idan amsar ta iso a gurguje ta sa sashen ya faɗi wajen zana ta. Haka nan ba ta kama na zanen da aka yi tun a babbar kwamfutar, balle kuskuren da ke jikinta ita kanta. Wannan sai katangar da ke sama da ita. Duk waɗannan sai mai rubutu ya tare su da hannunsa ta hanyar da JavaScript ya tanada tun da can.

Wani abin mamaki kuma, tun daga 2019 aka koma sabon salon rubuta sassan React wanda ya fi sauƙi, amma ita katangar da tsohon salo ake rubuta ta. Shi ya sa da yawa ke ɗauko wadda Brian Vaughn ya riga ya shirya mai suna react-error-boundary su yi aiki da ita. Abokan gasa ma ba a bar su a baya ba, don Vue ya kawo nasa makamancin tun a 2017, Svelte kuma a ƙarshen 2024.

Akwai wata illa da ni a ganina ta fi farin allon muni, ita ce a yi katanga ta haɗiye kuskure shiru. Mai amfani ya ga ban haƙuri ya wuce, masu shafin kuma ba su da labari, sai sashe ya yi wata da watanni a mace. Saboda haka ƙwararru kan haɗa katangar da wata manhajar tattara rahoto irin su Sentry, ta gaya musu wane sashe ne ya faɗi, a wace irin waya, sau nawa. React na 19, wanda ya fito a watan Disamba na 2024, ya ƙara wurare na musamman inda za a karɓi rahoton kuskuren da katanga ta tare da wanda ya tsallake.

Shi kuwa mai biyan kuɗi da allo ya yi masa fari bayan ya danna, ya sani ɓacewar shafi ba ta nufin umurninsa bai isa banki ba, domin zane daban, aika saƙo daban. Ya fara duba asusunsa tukuna kafin ya sake dannawa.