Tsohuwar Mota MGB: Neman Kayanta da Ƙafafunta da Bakaniken da Ya San Ta

A ƙasar Ingila akwai wani gari da ake kira Abingdon, kusa da birnin Oksfod. A nan ne kamfanin MG ya riƙa ƙera wata ƙaramar mota mai kujera biyu, mai rufin da akan naɗe, mai saurin tafiya, irin wadda Turawa kan hau don shan iska da nishaɗi. Sunanta MGB. An soma yinta a shekarar 1962, ba a daina ba sai a watan Oktoba na 1980, sa'ad da aka rufe ma'aikatar ɗungum. A tsakanin nan an yi fiye da rabin miliyan, mafi yawansu kuwa Amurka aka kai su aka sayar. Yau sunan MG yana hannun wani kamfanin ƙasar Sin, motocin da yake yi kuma ba su haɗa kome da waccan ba sai suna. Duk da haka dubban MGB suna nan bisa hanya, masu su kuwa kullum suna cikin neman abu uku: kayan gyara, da ƙafafu, da bakanike.

Fasali na farko: inda kayan suke

Wanda bai san labarin ba zai zaci motar da aka daina yi shekara arba'in da wani abu, kayanta sun yi ɓatan dabo. Al'amarin ba haka yake ba. Akwai wani kamfani mai suna British Motor Heritage, wanda ya tattara injunan matse ƙarfe na asali, ya koma yin gangar jikin MGB sabuwa fil tun shekarar 1988. Yanzu ma'aikatarsa tana garin Witney. Kafireta kuwa, wadda akan kira SU, kamfanin Burlen na birnin Salisbury yana yinta har gobe. 'Yan kasuwa manya, kamar Moss wanda aka kafa a Kalifoniya a 1948, suna da littattafan kaya masu zane, kowane noti da lambarsa. Ga kuma ƙungiyoyin masu motar: MG Car Club da aka kafa a 1930, da MG Owners' Club da aka kafa a 1973, wadda ita ma tana sayar da kaya. Mai son na gwanjo kuwa sai ya nufi Beaulieu a yankin Hampshire, inda akan ci wata babbar kasuwar tsofaffin kayan mota tun 1967.

Saboda haka wahalar mai MGB ba ta rashin kaya ba ce. Wahalarsa ita ce sanin wanne ne nasa a cikin kaya masu kama da juna, alhali kuwa kama da wane ba ta wane.

Dalilin haka shi ne, cikin shekara goma sha takwas ɗin nan an yi ta sāke motar a hankali, suna bai sāke ba. Girman injin ɗaya ne, watau cc 1,798, amma na farko yana da maɗaurai uku da ke riƙe babbar sandar da ke juyawa a cikinsa, daga ƙarshen 1964 aka mai da su biyar. A 1965 aka fito da mai rufin ƙarfe, wadda ake kira GT. A ƙarshen 1967 aka sāke akwatin giya, aka kuma juya tsarin wuta: dā ƙafar batir mai alamar tarawa ita ake haɗawa da jikin mota, aka koma haɗa mai alamar ɗebewa. Wanda ya sa wa motar 1965 rediyo ko famfon mai na zamani bai lura da wannan ba, nan take zai ƙone shi. Har zuwa 1974 batir biyu ne ƙanana masu ƙarfin 6 a bayan kujeru, daga nan aka sa guda mai ƙarfin 12. A shekarar nan kuma, saboda dokokin Amurka, aka cire bamba ta ƙarfe mai ƙyalli aka sa baƙa ta roba, aka ɗaga motar daga ƙasa kaɗan. Waɗanda aka kai Amurka daga 1975 kafireta ɗaya gare su maimakon biyu.

Don haka masana suka ce kada mutum ya sayi ko da wanki ɗaya na noti sai ya karanta lambar da aka buga a jikin motarsa. Wadda ta fara da GHN mai rufin naɗewa ce, wadda ta fara da GHD kuwa GT ce, adadin da ke biye kuma, 3 ko 4 ko 5, shi ke nuna zamaninta. Injin ma yana da tasa lambar dabam, kamar 18G ko 18GB ko 18V, lalle ne a duba ta, gama sau da yawa wani mai motar na dā ya riga ya musanya injin. Gidan tarihin motoci na Gaydon yana riƙe da littattafan ma'aikatar, yakan kuma ba da takardar shaida mai nuna ranar da aka ƙera mota da launinta da irin ƙafafun da ta fito da su.

Sa'an nan sabon kaya ma hawa-hawa ne. Akwai wanda aka yi bisa ma'aunin asali, akwai kuma wanda aka kwaikwaya don a sayar da araha, roba ta tsage cikin shekara guda, ƙarfe ya ƙi zama a gurbinsa. Shi ya sa gwanaye sukan fi son a gyara tsohon abu na asali da a sa sabo wanda ba a san mafarinsa ba. Araha ba ta ado, balle a kan abin da ya shafi birki da sitiyari.

Fasali na biyu: ƙafafu

Ƙafar MGB inci 14 ce, iri biyu ce kuma. Akwai ta farantin ƙarfe wadda akan ɗaure da noti huɗu. Akwai ta waya, mai wayoyi sittin jere kamar na ƙafar keke, wadda noti ɗaya babba ke riƙe ta a tsakiya, ana buga shi da gudumar jan ƙarfe ko ta darma. Ta wayar ita ce mai ban sha'awa, ita ce kuma mai neman kulawa.

Cibiyar ƙafar waya tana da haƙora ƙanana a ciki, waɗanda ke shiga tsakanin haƙoran da ke kan sandar mota. Waɗannan haƙora su ne ke ɗaukar dukan ƙarfin injin da na birki. Sa'ad da suke sababbi kawunansu a baje suke; in sun ci sai su yi tsini kamar bakin wuƙa. Alamar farko ita ce ƙara, ƙwas, duk lokacin da aka tashi ko aka taka birki. Wanda ya ƙyale ta, wata rana haƙoran za su share gaba ɗaya, ya taka birki sanda ta tsaya ƙafa ta ci gaba da juyawa. Kuma ba a ɗora sabuwar ƙafa bisa tsofaffin haƙora, domin tsohon zai cinye sabon; tare ake sāke su.

Babban notin nan ma yana da sirri. Na ɓangaren hagu yana ɗauruwa yadda aka saba, na dama kuwa murɗinsa a juye yake, don tafiyar mota gaba ta riƙa ƙara ɗaure su. In bakanike ya yi kuskure ya kai kayan dama hagu, tafiyar da ya kamata ta ɗaure noti ita za ta kwance shi, ƙafa ta fita ta bar mota a guje. Haka kuma wanda yake so ya juya motarsa daga ƙafar faranti zuwa ta waya ya sani sandar baya ta mai waya ta fi gajarta da fiye da inci guda. In bai kula da wannan ba taya za ta riƙa gogar jikin mota. Ƙafar waya ta asali kuma sai da tib a ciki, gama iska tana zurarewa ta ramukan wayoyin. Akan gwada wayoyin da bugu kaɗan: mai ɗauri takan yi amo, sakakkiya kuwa sai ta yi dum.

Taya ma ba a duba zanenta kaɗai. Motar da ba a fita da ita sai ranar hutu tayarta takan tsufa ta bushe zanenta bai ci ba. A gefen kowace taya da aka yi tun daga shekarar 2000 akwai lamba huɗu: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In an ga 2319, mako na 23 ke nan na 2019. Wadda ke da lamba uku ta girmi 2000. Masu yin taya da yawa sun ce kada a wuce shekara goma da ita.

Fasali na uku: bakanike

A cikin ukun nan bakanike ne ya fi wuyar samu. Kanikawan yau an koya musu su jona kwamfuta ta faɗa musu ciwon mota, MGB kuwa ba ta da inda za a jona kome. Wanda ya san ta yakan sa kunne da guntun tiyo a bakin kafireta biyun har ya ji numfashinsu ya daidaita, ya ɗiga mai a kawunansu. Ya san sandunan da ƙafafun gaba ke karkata a kansu suna son giris kowace mil 3,000. Sifanunsa na inci ne, domin na milimita suna lalata kan noti. Ya san an daina sayar da fetur mai darma a gidajen man Ingila a farkon 2000, don haka akan sa wa bawul mazauni mai tauri. Ya san kuma fetur ɗin E10 da ya zama na yau da kullum a Satumba 2021 yana cin tsohuwar robar bututun mai.

Babban gwajinsa shi ne tsatsa. MGB ba ta da shasi dabam; gangar jikin ita ce ƙashin bayanta, ƙarfinta kuwa yana dokin ƙofa na kowane gefe, wanda ƙarafa ne da yawa aka haɗa da walda, wani cikin wani. Daga ciki suke ruɓewa. Maha'inci yakan liƙa sabon ƙarfe a waje ya shafa fenti, na ƙwarai kuwa sai ya yanke har ya iske lafiyayye. In tsakanin ƙofa da jiki ya matse daga sama, motar ta soma lanƙwasa ke nan. Wannan ne ya sa aka riƙa komo da waɗanda suka zauna a Kalifoniya zuwa Turai, saboda ƙasar busasshiya ce.

Masu motar sukan sami irin wannan gwani ta bakin 'yan ƙungiya, gama matambayi ba ya ɓata. Sukan je garejinsa su ga irin motocin da ke ciki, su fara ba shi ƙaramin aiki, su nemi ya rubuta kuɗi tun kafin ya taɓa, ya kuma ajiye musu abin da ya cire su gani. Masu hankali ma tun kafin su sayi motar suke nemansa, ya shiga ƙarƙashinta ya duba.

Abin da ya ƙara wa maganar nauyi shi ne, tun watan Mayu na 2018 an ɗauke wa motocin da suka wuce shekara arba'in a Biritaniya tilascin gwajin shekara-shekara da ake kira MOT, muddin ba a yi musu babban sauyi ba. Kowace MGB ta kai wannan shekaru. Doka dai ba ta ɗauke wa mai mota alhakin lafiyarta ba, motocin farko kuma layin man birkinsu ɗaya ne tak, in ya fashe ƙafa huɗu sun rasa birki. Saboda haka da yawa daga cikin masu ita suna kai ta gwajin nan don kansu kowace shekara, ko da ba wanda ya tilasta musu. Haza wassalam.