Me Ke Yanke Ladan Aiki? Nazari Daga Tudun Wadar Zariya

Maƙasudin wannan ƙasida shi ne a bayyana dalilan da ke sa ladan aiki ya hau ko ya faɗi. Masana tattalin arziki suna ɗaukar ƙwadago tamkar haja: lebura na sayar da ƙarfinsa, mai aiki na saye, ciniki kuwa shi ke yanke farashi.

Tudun Wada, wadda aka kafa a wajen ganuwar Zariya zamanin Turawa domin baƙi 'yan Arewa, misali ce mai kyau. Da rani, in an gama girbi, 'yan cin rani sukan kwararo daga ƙauyuka neman aikin gini da dako da ga-ruwa. Hannuwa sun yi yawa, aiki bai ƙaru ba, sai ladan yini ya karye. Da damina ta sauka suka koma gona, mai neman lebura dole ya ƙara kuɗi, domin noman fari ba ya jiran kowa. Haka kuma magini ya fi mai kwaɓa masa ƙasa lada, saboda ya shekara da shekaru yana koyo, kuma irinsa ba su da yawa.

Amma ba kasuwa kaɗai ke yanke lada ba. Akwai hukuma da ƙungiyoyin ƙwadago. Kwamitin Udoji na 1974 ya jawo wa ma'aikatan gwamnati babban ƙari har da ariya, sai dai a 1975 hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari, ta lashe rabo mai yawa na ƙarin. A 1981, bayan yajin aikin da Hassan Sunmonu ya jagoranta, gwamnatin Shehu Shagari ta tsayar da mafi ƙarancin albashi a naira 125. Ya kai 18,000 a 2011, da 30,000 a 2019, da 70,000 a 2024.

Abin lura a nan biyu ne. Na farko, dokar ba ta hau kan mai aikin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, watau ɗan dako da yaron shago ba su cikin inuwarta. Na biyu, darajar albashi ba yawan takardun naira ba ce, yawan mudun masarar da zai auno ne. Ashe ke nan idan albashi ya ƙaru hatsi ya tashi, ma'aikacin ofis ya sami abin rage zafi, leburan Tudun Wada kuwa tsadar kaɗai ta iso shi.