Rubutun da ke kan ɗari biyu ba aya ba ce

Da an ji ƙishin-ƙishin cewa Babban Banki zai taɓa fasalin naira, sai tsohuwar gardama ta tashi a Jos. A motar haya daga Terminus zuwa Bukuru, a majalisun Titin Bauchi, a zaurukan WhatsApp na 'yan coci da na 'yan masallaci, zancen ɗaya ne: "Larabcin nan" da ke jikin ɗari biyu da ɗari biyar da dubu. Wasu na rantsuwa an saka shi ne a ɓoye domin a musuluntar da ƙasa. Wasu kuma na kare shi kamar ana shirin kankare aya daga Alƙur'ani. A garin da ya sha rikice-rikicen addini tun Satumbar 2001, wannan ba zancen wasa ba ne, kuma abin takaicin, ɓangarorin biyu a kan kuskure ɗaya suka haɗu.

Zaro ɗari biyu daga aljihunka ka duba. Ga Sardauna da rawaninsa, ga sunan Babban Banki da Turanci, ga kuma gajeren rubutu mai tafiya daga dama zuwa hagu. Miƙa wa duk wanda ya yi makarantar allo, zai karanta maka: naira ɗari biyu. Shi ke nan. Babu sunan Allah, babu addu'a, babu kalmar Larabci ko ɗaya. Balaraben Alƙahira zai iya haɗa baƙaƙen ya furta, amma ba zai san abin da ya faɗa ba, domin Hausa ce, Hausar da Birom da Angas da Bafulatani da Ibo ke ciniki da ita a Farin Gada kowace safiya.

Nan ne mutane ke rikicewa, har da masu digiri. Rubutu daban, harshe daban, addini daban. Baƙaƙe buhu ne: buhun da ya ɗauko dankalin Turawa daga Bokkos yau, gobe shi zai ɗauko acca, kuma ba wanda zai ce acca ta zama dankali don ta shiga buhunsa. Kiristocin Masar da Lebanon da baƙaƙen Larabci suke karanta Linjila. Mishan ɗin da suka shigo Arewa sun buga sassan Linjilar da ajamin Hausa, saboda shi jama'a suka iya karantawa a lokacin. Haka nan boko, da baƙaƙen Rumawa ne, ba ya mai da littafin fiƙihu na Kirista.

Sai batun wanda ya saka. Turawan mulkin mallaka ne suka fara buga baƙaƙen Larabci a kan kwabo da anini masu huda, don mutanen da suke karɓar haraji a hannunsu su gane darajar kuɗin. Da aka ƙaddamar da naira ranar 1 ga Janairu 1973, shugaban ƙasa Janar Yakubu Gowon ne, ɗan Angas daga wannan jiha tamu, ɗan mai wa'azin bishara. Gwamnan Babban Banki kuwa Clement Isong ne, Kirista daga Akwa Ibom ta yau, wanda hotonsa ke kan dubu kusa da na Aliyu Mai-Bornu. A hannunsu ajami ya hau naira. Duk mai cewa makirci ne, sai ya fara bayyana mana abin da Gowon da Isong suke nema da shi.

Hukuma ma tana da nata kason. A 2007 aka cire ajami daga naira biyar, goma, ashirin da hamsin, aka rubuta darajarsu da Hausa da Yarbanci da Ibo cikin boko. A 2014 ɗari ta cikar Najeriya shekara ɗari ta fito babu shi. A ƙarshen 2022 aka sake launin manyan takardu uku, aka bar shi. A cire nan, a bari can, ba tare da an zauna an fahimtar da talaka dalili ba. Sai da wani lauya ya kai ƙara Babbar Kotun Tarayya a Legas a 2020 aka ji bankin ya fito fili yana cewa ajami ba alamar addini ba ne, an sa shi ne don waɗanda ba su yi boko ba. Kotu ta kori ƙarar a 2024. Bayanin da ya kamata a yi a rediyo da Hausa, an ajiye shi a takardun kotu da Turanci, jita-jita kuwa ta samu fili.

Wasu ƙasashe ba sa jin tsoron tarihinsu haka. A Yukren, tsohuwar takardar hiribniya biyu ta ɗauki hoton Yaroslav Mai Hikima, sarkin da ya mulki Kiyef daga 1019 har rasuwarsa a 1054, a bayanta kuma babbar majami'ar Sofiya, ginin ƙarni na 11 inda aka binne shi. Coci ne sosai, ba kame-kame, a ƙasar da tsarin mulkinta ya raba addini da gwamnati, mai Musulmi 'yan Tatar da Yahudawa. Sun sa shi ne don su ce tushensu ya kai shekara dubu. Rasha ma ta ɗora mutum-mutumin Yaroslav ɗin a kan rubul dubu, kowacce tana cewa kakanta ne. Su suna jayayya a kan wa zai mallaki tarihi, mu muna jayayya a kan yadda za mu goge namu.

Duba takardun da ke hannunmu: duk masu sunan da ke kansu mutanen ƙarni na 20 ne. Gini guda da ya fito sosai shi ne hedikwatar Babban Bankin kanta a bayan dubu. Ba Sarauniya Amina, ba ganuwar Kano, ba Gobarau. Tsohuwar naira ɗaya ta 1979 ta taɓa ɗaukar fuskar hauren giwa ta Idiya, uwar sarkin Benin, ita ma ta tafi. Ajamin nan da ake ta hayaniya a kansa yana cikin 'yan abubuwan da suka rage a kuɗinmu masu nuna cewa akwai karatu da rubutu a ƙasar nan kafin zuwan Lugga.

Mu mutanen Jos ya fi kamata mu ji zafin wannan. Gidan tarihin da Bernard Fagg ya buɗe a 1952 yana nan a tsakiyar gari, da kawunan yumbun Nok waɗanda masu haƙar kuza suka tono, masu shekaru sama da dubu biyu, tun kafin coci ko masallaci ya iso nan. A gefensa akwai filin gine-ginen gargajiya, inda aka kwaikwayi ganuwar Kano da tsohon masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, da laka da azara. Damina tana cin su a hankali, yaran makaranta da yawa a garin ba su taɓa leƙawa ba. Kan Nok ba na Musulmi ba ne, ba na Kirista ba, kakan kowa ne, kuma ya cancanci wuri a kan naira.

A bar ajami inda yake, domin har gobe akwai dattawa a kasuwannin Arewa da shi kaɗai suke karantawa. In Babban Banki zai sake taɓa kuɗi, ya yi wa jama'a bayani tun kafin takarda ta fito, cikin harsunan da suke ji. Malamai da fastoci na Jos kuma, don Allah, kafin wani ya hau mumbari da wannan magana, ya nemi wanda ya iya ajami ya karanta masa abin da ke jikin takardar.