Baƙo a Alƙahira: Masauki Mai Sauƙin Kuɗi da Dabarar Zaga Gari

Neman masauki a Alƙahira tsohon lamari ne ga mutanen wannan yanki namu. Tun a shekarun 1240 alhazan Kanem masu ratsa Masar zuwa Makka suka tara dukiya suka damƙa wa wani alƙali Bamalike, Ibn Rashiƙ, aka gina musu makaranta a Fusɗaɗ, ta zama wurin karatunsu kuma masaukinsu. Shekara ɗari biyar bayan haka, masanin lissafin nan Muhammad al-Katsinawi ya bi hanyar da Bahaushe ya fi sabawa da ita, ya sauka gidan wani babban malami, Hasan al-Jabarti. A can rai ya yi halinsa a 1741. Mai zuwa yau ba shi da makarantar Kanem, galibi kuma ba shi da maigida mai saukar baƙi. Waya ce a hannunsa, da 'yan dalolin da ya canza, da lambar wani ɗalibin Azhar da aka haɗa shi da shi.

Wani asibiti ne ya kai shi, wani karatu, wani sarin kaya. Da yawansu sukan dawo ba su ga komai ba sai ɗakin likita, da kanti guda, da hoton da suka ɗauka a gaban dala. Ba rashin kuɗi ke jawo haka ba. Yawanci tun ranar da aka zaɓi masauki aka yi asarar garin.

Alƙahira da kewayenta na ɗauke da mutum sama da miliyan 20, kuma tafiyar da taswira ta nuna ta minti ashirin ce tana iya cin awa ɗaya da rabi idan cunkoso ya kama. Saboda haka kuɗin ɗaki ba shi ne wanda aka rubuta a intanet ba. Sai ka tara da kuɗin tasi na zuwa da dawowa kullum, ka tara da awannin da za ka ƙone a cikin mota. Ɗakin da ya fi araha a bayan gari, idan aka yi wannan lissafi, sau da yawa shi ne mafi tsada. Tambayar farko ga mai masauki ke nan: minti nawa ne a ƙafa zuwa tashar metro?

Metro shi ne jirgin ƙasa mai bi ta ƙarƙashin gari. An buɗe layinsa na farko a 1987, yanzu layi uku ke aiki. Ana biya gwargwadon yawan tashoshin da za ka wuce, kuma ko mafi nisa bai kai kuɗin tasi ba. Akwai taragu a tsakiyar jirgin da aka ware wa mata, namiji ya kula kada gaggawa ta cusa shi ciki. Tashar Sadat tana ƙarƙashin dandalin Tahrir, a nan layi na ɗaya da na biyu suka haɗu. Na biyu da na uku kuma a Ataba. Wanda ya haddace waɗannan sunaye biyu ya rage wa kansa rabin wahala.

Unguwanni da halinsu

Tsakiyar gari, wadda 'yan ƙasa ke kira Wusɗ al-Balad, ita ce zan zaɓa wa mai zuwa yawo na kwana huɗu ko biyar. Sarki Isma'il ne ya shimfiɗa ta a shekarun 1860 da 1870 bisa fasalin biranen Turai, kuma dogayen gidajenta na da suna cike da ƙananan masaukai. Abin da ke rikita sabon zuwa shi ne masaukin ba shi ne ginin duka ba. Hawa ɗaya ne ko biyu, a sama, sauran kuma ofisoshi ne da gidajen mutane. Ƙofar shiga na iya zama baƙa ƙirin da ƙura, lifta ta girmi kakanka, amma ka isa hawa na biyar ka tarar da ɗaki tsaf. Akasin haka ma na faruwa. Don haka kwana ɗaya ko biyu kawai ake biya tun daga gida. Idan wurin ya yi, sai a zauna da mai shi a yi cinikin sauran kwanakin baki da baki, domin kason da manhajar kama ɗaki ke karɓa a hannunsa yakan yarda ya rage maka wani abu daga ciki. Ka nemi ɗakin da ba ya kallon titi, don odar motocin Alƙahira ba ta san dare ba.

Zamalek tsibiri ne a tsakiyar Nilu, ga tsafta ga itatuwa, ga kuma tsada. Duƙƙi na da metro, kuma tana kusa da asibitoci da ɗakunan likitoci masu yawa, shi ya sa ta dace da mai jinya. Faisal da titin Haram sun fi araha, sun kuma fi hayaniya. Madinat Nasr, musamman Hayyul Ashir, nan ɗalibai 'yan Afirka suka yi yawa, za ka ji Hausa a titi, ka sami tuwo. Ga wanda zai yi wata biyu wannan babban abu ne. Ga mai kwana huɗu kuwa tarko ne, domin ta yi nisa da metro da tsohon gari, sai a ƙare da hira a ɗakin ɗalibai har ranar komawa. Masaukan da ke Nazlat as-Samman, gab da dala, kwana ɗaya ya ishe su: ka hau soro ka ga faɗuwar rana, gari ya waye ka shiga, ka tattara ka koma cikin gari.

Iyali ko masu doguwar jinya sun fi samun sauƙi a gida mai kayan ɗaki, abin da ake kira shaƙƙa mafrusha. A nan mutum biyu ne ke riƙe da wuƙa da nama: simsar, wato dillali, da bawwab, maigadin da ke zaune a ƙofar gini, wanda ya san gidan da babu kowa a ciki, da mai shi, da abin da na baya ya biya. La'adar dillali a yanke ta tun kafin a ga gida. A rubuta yarjejeniya, a faɗi wanda zai biya wuta da gas, a ɗauki hoton mita da na kayan ɗaki ranar shiga, domin rigimar kuɗin ajiya a ranar fita take tashi. A murɗa famfo a ga ƙarfin ruwa, a kunna na'urar sanyaya ɗaki a bar ta minti goma. Daga Yuni zuwa Agusta, lokacin da Larabawan yankin Gulf ke zuwa hutu, hayar irin waɗannan gidaje a Duƙƙi da Muhandisin kan yi tashin gwauron zabo. Ma'aurata su riƙe takardar shaidar aure, wasu masaukan suna tambaya. A otal kuma a tambaya ko farashin ya haɗa da haraji, don akwai na kashi 14 cikin ɗari, ga kuɗin hidima a kansa.

Ban rubuta farashi ko ɗaya a nan ba, da gangan. A watan Maris na 2024 aka saki fam ɗin Masar, dala ɗaya ta tashi daga kusan fam 31 zuwa wajen 50 a yini guda. Adadin da aka buga a littafi kan tsufa kafin tawada ta bushe.

Yini ɗaya, shiyya ɗaya

Dabarar yawon ba ta da wuya. Abubuwan kallo a Alƙahira a tattare suke rukuni-rukuni, sai a ba kowane rukuni yini guda, a shiga da mota sau ɗaya, sauran a taka da ƙafa.

Yinin da ya fi kowane daraja kusan kyauta ne. A sauka tashar Bab ash-Sha'ariyya a taka zuwa Bab al-Futuh, ƙofar arewa ta birnin da Faɗimawa suka kafa a 969. Daga nan titin Mu'izz ya miƙe kudu, kimanin kilomita ɗaya, har Bab Zuwaila. Wanda ya san ƙofofin ganuwar Kano ba sai an yi masa bayanin wannan fasali ba, sai dai a nan dutse ne ba ƙasa ba. A bakin ƙofa masallacin al-Hakim ne, mai faffaɗar haraba. Gaba kaɗan sai Baina al-Ƙasraini, inda gine-ginen sarakunan Mamluk uku suka jeru kafaɗa da kafaɗa: na Ƙalawun, wanda aka gama a 1285 har da asibiti a ciki, da na Barƙuƙ, da na an-Nasir Muhammad a tsakiyarsu. Wannan an-Nasir shi ne sarkin da Mansa Musa na Mali ya gana da shi a 1324, a tafiyar da ya zubar da zinariya har darajarta ta faɗi a kasuwar garin. A nan ya kamata a sayi tikiti a shiga hubbaren Ƙalawun, a zauna, a ɗaga kai. Mutane kan ratsa shi cikin minti biyar suna ɗaukar hoto, alhali rabin awa ma bai ishe shi ba.

Daga nan kasuwar Khan al-Khalili tana hagu, masallacin Husaini na bayanta, Azhar kuma a tsallaken titi. An aza harsashin Azhar a 970, aka fara salla a cikinsa a 972, kuma a cikin ruwaƙan da aka ware wa ɗalibai baƙi har da na mutanen Barno. Shiga kyauta ne. A gama yinin a Bab Zuwaila, ƙofar da Turkawa suka rataye Ɗuman Bay, sarkin Mamluk na ƙarshe, a 1517. Mai ƙarfin gwiwa ya hau hasumiyar da ke kanta, tsohon gari duka zai kwanta a gabansa.

Rukuni na biyu ganuwar Salahuddin ce, wadda aka fara a 1176, da masallacin Muhammad Ali a samanta. A gindinta masallacin Sultan Hasan yake, mai zaure huɗu, kowace mazhaba da nata. Tafiyar rubu'in awa ta titin Saliba za ta kai ka masallacin Ibn Ɗulun na 879, mai hasumiyar da matakalarta ke nannaɗe ta waje. A ganina ya fi na Muhammad Ali kyau nesa ba kusa ba, kuma sau da yawa daga kai sai tattabaru.

Na uku Fusɗaɗ, ta tashar Mar Girgis: tsofaffin majami'un Kibɗawa, da masallacin Amru ɗan Asi, na farko a Masar, da gidan tarihin da aka mayar da gawarwakin sarakuna da sarauniyoyi 22 a Afrilun 2021. Masu son ganin "gawar Fir'auna" nan za su, ba gidan tarihin da ke Tahrir ba. Ramsis na Biyu yana ciki, sai dai masana ba su yi ittifaƙi a kan wane ne Fir'aunan zamanin Annabi Musa ba, komai rantsuwar ɗan jagora.

Dala kuwa da sassafe ake zuwa, kafin rana da motocin 'yan yawon buɗe ido. Babbar, ta Khufu, ta kai shekara 4,500, tsayinta na asali mita 146. Shiga cikinta tikiti ne daban, kuma hawa ne a duƙe cikin matsattsen rami zuwa ɗakin da babu komai sai akwatin dutse. Mai ciwon gwiwa ya haƙura. Masu raƙuma da dawaki za su yanyame ka, wani ya ce kyauta ne, wani ya ce tafiyar ba ta yiwuwa a ƙafa. Idan za a hau, a yi ciniki a fam na Masar, a tabbatar kuɗin ya haɗa da saukowa, domin ba a ciniki da kyau daga saman tozo. Wanda ya taɓa cin kasuwar Maigatari dai ba shi da dalilin biyan kuɗin hawa raƙumi. Sabon babban gidan tarihi, wanda aka buɗe a Nuwamban 2025 da kayan Tutankhamun, yana kusa, sai a haɗa su yini guda.

Manyan wuraren nan farashi biyu gare su, na ɗan ƙasa da na baƙo, ɗalibi mai katin shaida kuma yakan biya rabi. Yawancinsu sun daina karɓar tsabar kuɗi, sai kati, don haka a tabbatar katin banki yana aiki a waje tun kafin a bar gida. A ajiye 'yan canji don baƙshish, domin mai tsaron takalma da mai buɗe ƙofar hasumiya duk suna sa rai.

Ciki da harshe da lokaci

Abinci ba ya cin kuɗi idan an ci na gari. Koshari, wato shinkafa da taliya da adas da miyar tumatir da soyayyar albasa, kwano ɗaya ya riƙe mutum har dare. Da safe ful da ɗa'amiyya, ƙanwar ƙosai, a cikin gurasa. Karkade zoɓo ne, asir asab kuma ruwan rake. Ruwan sha dai na gora.

Larabcin Islamiyya yana aiki, za a fahimce ka, a yi murmushi. Matsalar amsar ce, domin Bamisire jim ɗinsa "g" ne, ƙaf kuma ya haɗiye ta. "Bikam?" ita ce nawa ne. "La, shukran" a faɗe ta sau ɗaya a ci gaba da tafiya. A ƙaramar bas, "ala gamb" ke sa direba ya tsaya. Farar tasi a ce a kunna mita, ko a kira Uber a huta da gardama.

Oktoba zuwa Afrilu ya fi daɗin yawo, amma Disamba da Janairu sanyinsu sai da rigar sanyi ta gaske. Tsakanin Maris da Mayu iskar khamsin kan taso da ƙura, kamar hazonmu amma mai zafi. Hutun mako Juma'a ne da Asabar, kuma safiyar Juma'a titunan kan yi fayau. A azumi wuraren kallo kan rufe da wuri. Katin rigakafin shawara ya zauna cikin fasfo, ana neman sa daga masu tasowa daga Nijeriya.

Sayayya a bar ta sai ranar ƙarshe, lokacin da ido ya san farashi. Ta littattafai kuwa a lungun Darb al-Atrak da ke bayan Azhar ake yin ta, inda shagunan fiƙihu da nahawu da tafsiri suke maƙare har rufi. A nan malamai da ɗalibanmu ke mance cewa jirgi awon kaya yake yi. Tafsiri mai mujalladi goma zai cinye yawancin kilon jaka guda, kuma kuɗin ƙarin kaya a filin jirgi kan fi kuɗin littafin kansa. A auna jaka tun a masauki.