Kwano ko Ƙafa: Wanne Ya Fi Riƙe Ciwon Suga?

Ranar da aka shaida wa kawuna yana da ciwon suga, kafin la'asar gidan ya cika da likitocin sa-kai. Wannan ya ce alkama, wancan ya ce acha, wata tsohuwa ta aiko da saiwa ƙulle a leda. Shi kuwa likitan asibiti, bayan ya rubuta masa ƙwayar metformin, abu biyu ya ce: "Alhaji, a rage tuwo, a ƙara tafiya." Da dare Kawu ya kira ni ya ce, "To ɗana, in mutum ba zai iya duka biyun ba fa, wanne zai kama?" Na yi dariya, amma tambayar ba ta raha ba ce.

Mu fara da kwano, tunda ta nan sugan ke shigowa. Mai nau'i na biyu na wannan ciwo jikinsa na yin sinadarin insulin, sai dai ko bai wadatar ba, ko jikin ya daina jin maganarsa, shi ya sa suga ke taruwa a jini. Da yawanmu mun ɗauka sukarin shayi da lemon kwalba ne kaɗai abokan gaba. Alhali shinkafa, masara, gero, dawa, rogo, doya da burodi duk sitaci ne, kuma da zarar sun narke suga suke komawa. Wani likita a garin Southport na Ingila, David Unwin, ya yi suna wajen nuna wa marasa lafiyarsa wannan da ƙaramin cokali: dafaffiyar shinkafa giram 150, wadda a wurinmu ko yaro ba zai ƙoshi da ita ba, tana ɗaga sugan jini kamar cokali goma na sukari. Yanzu ka auna malmala biyu ta tuwon shinkafa, ga kofin fura a gefe.

A nan ne maganar alkama ke ba ni haushi. An mayar da tuwon alkama kamar magani, mutum ya zauna ya tashi da malmala uku yana ganin ya bi doka. Alkama ma sitaci ce, haka acha. Canza hatsi ba tare da rage yawansa ba, an gudu ne ba a tsira ba. Abin da ake nufi da rage sitaci shi ne a juya kwanon: miya da ganye su yi yawa, tuwo ya zama ɗan rakiya. Kuma ba sai an je kanti ba. Kwaɗon zogale ko rama da ƙuli-ƙuli, miyar kuɓewa, kabeji, awara, ƙwai, kifi, gyaɗa, duk suna bakin ƙofa. Wake ma yana da sitaci, amma yana shiga jini a hankali.

Ƙarfin kwano ba ƙarami ba ne. A 2019 ƙungiyar masana ciwon suga ta Amurka ta bayyana cewa rage sitaci shi ne tsarin cin abincin da ya fi samun hujjoji wajen sauke sugan jini. A Birtaniya kuma, binciken DiRECT na Roy Taylor da Mike Lean, wanda aka wallafa a 2017, ya nuna kashi 46 cikin 100 na waɗanda aka ɗora kan tsananin rage abinci sugansu ya daidaita ba magani bayan shekara guda, kuma cikin waɗanda suka zubar da kilo 15 ko fiye, kashi 86. Sai dai a lura, su abincin gaba ɗaya aka rage musu, ba sitaci kaɗai ba, kuma masu ƙiba ne da ciwon bai wuce shekara 6 a jikinsu ba. Mu nan muna da ramammu da yawa masu suga, waɗanda ba su da kilo 15 na zubarwa. Sannan lafawa ce, ba warkewa ba: bayan shekara biyu kashi 46 ɗin nan ya sauko zuwa kashi 36.

Ita ƙafa ta wata ƙofar take ɓullowa. Naman jiki idan yana aiki yana zuƙar suga daga jini ko da insulin ya yi rauni, kuma amfanin yakan kai kwana ɗaya zuwa biyu, shi ya sa ake cewa kada a haura kwana biyu a jere ba motsi. Ma'aunin da aka sani minti 150 ne a mako, wato rabin awa sau biyar. A garin Da Qing na ƙasar Sin an fara wani bincike a 1986 kan mutum 577 da sugansu ya soma hawa amma bai kai ciwo ba. Bayan shekara 6, gyaran abinci ya rage kamuwa da kashi 31, motsa jiki da kashi 46. Wato wajen rigakafi ƙafa ba kanwar lasa ba ce. Tana kuma taimaka wa hawan jini da zuciya da barci. Amma in ciwon ya riga ya zauna, tafiyar rabin awa ba ta biyan bashin faranti biyu na waina da kwalbar lemo.

Kawu ya gwada da 'yar na'urarsa ta auna suga. Daren da ya ci tuwo yadda ya saba ya kishingiɗa, awa biyu bayan nan lambar ta haura 200, alhali ana so ta tsaya ƙasa da 180. Da ya raba malmalar biyu ya ƙara miya, ta sauka sosai. Da ya haɗa da takawa zuwa masallacin da ke can bakin titi don sallar isha'i, maimakon na ƙofar gida, ta ƙara sauka. Ya daɗe yana kallon na'urar kafin ya ce, "Ashe dai tuwon ne."

To amma ga inda lissafin ke rikicewa. Ƙafa taka ce kai kaɗai, kwano kuwa na gida ne. Tukunya ɗaya ake ɗorawa, sau da yawa a kwano ɗaya ake ci, kuma hatsi ya fi kifi da ƙwai araha nesa ba kusa ba. Ga biki, ga suna, ga mai masaukin da zai ce, "Haba Alhaji, ɗan wannan ai ba zai yi komai ba." Ita ma ƙafar ba kowa ke da ikonta ba. Matar da ba ta cika fita ba sai dai ta zaga tsakar gida, ga zafin bazara, ga wanda ciwon ya kashe masa jin tafin ƙafa, wanda dole ya sa takalmi rufaffe ya riƙa duba ƙafarsa kullum.

Shi ya sa nake ganin abokan ciwo sun fi amfani a ɓangaren kwano. Kawu ya haɗu da wasu dattawa uku a layin asibiti, yanzu suna da zaurensu na WhatsApp. A can ya koyi cewa ɗanwake da garin rogo ake haɗa shi, a can kuma ya koyi yadda ake ce wa mai biki "na ƙoshi" ba tare da an ɓata ba. Matar ɗayansu ce ta zaunar da matar Kawu ta nuna mata yadda ake raba kwanon maigida. Likita minti biyar yake ba ka, su kuwa kullum suna nan. Illarsu ɗaya, wani lokaci a cikinsu ake samun mai cewa a ajiye ƙwaya a koma saiwa. Wannan ba shawarar aboki ba ce.

Amsar da na ba Kawu ita ce: in dole sai ɗaya, kwano ne gaba, ƙafa ta biyo baya. Sai dai mai karatu, in kana shan ƙwayar Daonil ko kana allurar insulin, kada ka rage tuwo da ka. Suga na iya faɗuwa ƙasa da 70, ka ji gumi da karkarwa, har a kai ga suma. Ka fara ganin likitanka ya daidaita maka maganin tukuna.